Hannun 'Yar Fari

Ban taɓa jin sunan sofbol ba sai da 'yata ta fari ta dawo daga makaranta da wata ƙwallo ruwan ɗorawa, mai tauri, ta fi lemon zaƙi girma, ta shiga dukan katangar bayan gidanmu da ita. A Abbey Wood muke zaune, wata unguwa a London, kuma katangar rabinta ta maƙwabciya ce, don haka na sha ba da haƙuri. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Yarinya ɗaya ta tsaya cikin da'ira a tsakiyar fili ta jefa ƙwallo, wata ta tsaya da sanda tana neman ta buge ta ta ruga. Mai jifa ba ta sama take jefowa ba kamar mai jifan mangwaro, hannun take juyawa gaba ɗaya daga kafaɗa, ta saki ƙwallon ta gefen cinya. 'Yata mai jifa ce. Shekararta goma sha uku a lokacin, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma abu ɗaya take so a duniya, ta tsaya cikin da'irar nan ranar gasa ta gaske, ga alƙalin wasa ga 'yan kallo.

Malamar wasanninsu ce ta kira ni ta ce hannun yarinyar ya fi ƙarfin filin makaranta, a nema mata kulob irin masu yawo gari gari a ƙarshen mako suna gasa. Biyu muka samu. Ɗaya ƙarami ne a wajen Camberwell, wata dattijuwa ke riƙe da shi, kuma an ce mini sun fi sabawa da shan kashi. Ɗayan babba ne a yammacin London, da riguna masu sheƙi da kofuna jere a hoto. Ba sai na faɗi wanda yarinyar ta ƙwallafa wa rai ba. Babanta ya dubi hotunan ya ce, "Ni dai na sayi tikitin jirgin ƙasa, ku je ku gano da idonku."

Ranar gwaji na ga abin da ban taɓa gani ba. Iyaye ne cike a bakin wayar da ta kewaye filin, kowa na tallar 'yarsa. Wani uba ya zo da na'urar auna gudun ƙwallo, 'yarsa na jifa yana ɗaga na'urar sama don kowa ya karanta. Wata uwa ta bi kocin har ƙofar banɗaki da waya a hannu tana nuna masa bidiyo. Wata kuma ta riƙo masa kofi, ta san yawan sukarin da yake sha, ta kuma tabbatar mun ji cewa ta sani. Shi kocin ƙato ne mai furfura a gemu, yana bin yaran yana latsa kafaɗunsu, yana ɗaga musu hannu yana saukewa, kamar mai zaɓen rago. Na dubi fuskar 'yata, na haƙura na tsaya.

Da ta gama jifa sai ya taho wurina. Ya kira ni "Mum", mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce in faɗa masa yadda jifanta yake.

A gidanmu ba a yabon ɗan fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, balle ta ce ya iya wani abu a gaban mutane. Ni ban kai can ba, ina kiran tawa da sunanta, amma in buɗe baki a gaban baƙo in ce ta fi 'ya'yan wasu, harshena ba ya juyuwa. Kuma har gobe ban ga aibin wannan ba. Mai ido ai ya ga jifan. Sai na ce masa da Turanci abin da uwata za ta ce da Hausa, tana dai taɓawa.

Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji daɗin haɗuwa da uwa mai faɗin gaskiya. Ya ce su za su ɗauke ta na ɗan lokaci a ga kamun ludayinta, in an dace sai a tabbatar da ita.

Abin da ɗaukar take nufi, a hankali na gane. Ranar tirenin, wato atisaye, sai a ajiye mata bokiti cike da ƙwallaye, ta yi ta jifa masu bugu suna koyon bugu da ita. Bokiti ya ƙare a tattaro a sake cika shi. Ranar gasa kuwa, benci. Mu tashi tun duku-duku, mu hau jirgi mu sauka mu hau bas, mu isa wani gari da ban san sunansa ba sai ranar, a cikin yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi, ta sa rigar mai sheƙi ta zauna. Ta zauna har a tashi. A hanyar dawowa in tambaye ta da Hausa ko ta gaji, ta amsa da Turanci cewa koci ya ce lokacinta na zuwa.

Wadda ke tsayawa a da'irar 'yar kocin ce, yarinya siririya mai ladabi, ita kaɗai ce ke gaishe ni a duk filin. Ta iya jifa, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma ubanta ba ya hutar da ita. In wasa uku za a yi a rana, ita ce a ukun. Tsakanin wasa da wasa sai ka gan ta bayan rumfar 'yan wasa tana riƙe da gwiwar hannu, uwarta na fesa mata maganin sanyi tana tura mata ƙwaya a baki. In aka buge ƙwallonta ya yi mata tsawa a gaban kowa, da kalmomin da ni ko akuya ba zan faɗa wa ba. Iyayen nan kuwa suna nan suna yi masa dariya in ya yi barkwanci marar daɗi, suna tafi, suna kawo kofi. Na kan tsaya can ƙarshen waya ni kaɗai, don warin halinsu ya fi ƙarfina.

Wata Asabar ana tsakar wasa yarinyar ta jefa ƙwallo, ƙwallon ta tafi wani wuri daban, ita kuma ta durƙusa ta rungume hannunta. Ba ta yi ihu ba. Na waiwaya in ga wa zai ruga, sai na ga uwaye biyu sun sunkuya suna ɗaure wa 'ya'yansu igiyar takalmi. Yarinya na ƙasa, su suna shirya masu maye gurbinta. Kocin ya sa aka fitar da 'yarsa, sannan ya juyo. Ba bencin yara ya duba ba, layin iyaye ya duba. Idonsa ya tsallake ni ya sauka kan mai kofi, ya kira 'yarta. Aka yi ta buge ƙwallon yarinyar nan har alƙalin wasa ya ji tausayi, tawa na zaune da safar kamun ƙwallo a cinya tana kallo.

Da aka tashi ban san lokacin da ƙafata ta kai ni gabansa ba. Na ce masa a gaban mai kofi da mai na'ura da kowa cewa babu yarinyar da ta kai tawa jifa a filin nan, kuma shi ma ya sani, tunda da hannunta yake horar da masu bugunsa. Kunya kamar in nutse, ina ji a jikina kamar uwata na tsaye a bayana tana kallon wannan rashin ta ido.

Sai mutumin nan ya yi murmushi. Ya ce, "Mum, me ya hana ki faɗa tun farko? Ai na san ta fi su. Amma iyayen da ke matsa mini su nake fara sallama, ke kuwa na ga ba ki da matsala."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ashe duk watannin nan ya gani. Ba idonsa ne ya kasa ba, shirun da na yi ya ɗauka a matsayin izini. Ya ce Asabar mai zuwa da'irar tata ce, tunda tasa za ta daɗe ba ta dawo ba. Ya faɗi hakan ne 'yarsa na zaune cikin mota da ƙanƙara a hannu, tagar a buɗe.

Na so in ce mun fasa tun a nan. Amma 'yata ta yi ta tsalle a tashar jirgi, ita da ba ta tsalle, har ta yi mini Hausa. Na ce a raina bari dai ta ɗanɗana.

Asabar ɗin ta tsaya cikin da'ira. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Masu bugu na zuwa suna komawa da sandarsu, ita ko kallon gefena ba ta yi, ta haɗe rai, ƙwallon na faɗawa hannun mai kamu da ƙara. Aka ci wasan farko. Ba ta gama shan ruwa ba kocin ya ce ta koma a fara na biyu.

A wasa na biyun ne na ji magana a bayana. Mai kofi ce, tana rarrashin wata sabuwar uwa da ta kawo 'yarta aka ajiye a benci. Da murya mai taushi take maganar, irin ta mai yi wa mutum alheri. Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki. Dubi yadda yake sa ta jifa. Kafaɗar nan ba za ta kai ƙarshen bazara ba, taki za ta shiga." Sabuwar ta yi ajiyar zuciya ta ce ta gode.

Ban juya ba, don na san in na juya sai an kira 'yan sanda. Na tsaya ina kallon hannun 'yata yana juyawa, hannun da na yi wa wanka, ana yi masa lissafin ranar lalacewa. Na bari ta gama wasan. Da kocin ya ce akwai na uku da yamma kuma ita ce dai, na shiga rumfar da ba a yarda iyaye su shiga ba, na ɗauki jakarta, na cire rigar sanyin kulob ɗin daga ciki na ajiye masa a kan benci.

Daga filin har Abbey Wood kuka take yi tana zazzaga mini Turanci, mutanen jirgi na satar kallonmu. Ban faɗa mata abin da na ji ba, ban ga amfanin zuba wa yarinya wannan ƙazanta a kunne ba. Yanzu wurin dattijuwar nan ta Camberwell take. Wasa ɗaya ake bari ta jefa a rana, ko ta roƙa, kuma yawanci a cinye suke dawowa. Kafaɗarta lafiya lau. Amma duk lokacin da muka saɓa, ko a kan wanke-wanke ne, sai ta ce na ƙwace mata da'irar ne ranar da ta same ta. Gaskiya ta faɗa, ban taɓa musa mata ba.