Gwaggo da Ƙudujin Gonarta

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ba ta iya jira ba. Ruwan farko na sauka, kafin maƙwabta su gano inda suka jefar da fartanyarsu ita ta gama shuka. Har tsiya muke mata, mu ce wata rana sai ta riga girgije isa gona. Ta ce, "Ku yi ta surutu, malalata."

Tana da jar dawa da ta gada wurin mahaifiyarta, irin da babu mai shi duk yankin sai ita. Bana ta zuba shi kaf a ƙasa, ko tafi ɗaya ba ta rage ba.

Dawa ta tsiro, sai sama ta ɗauke cak. Zafi kuwa, ƙasa har ƙona tafin ƙafa take. Shukar kowa ta bushe, aka zauna jiran wani ruwan. Gwaggo fa? Ina! Ta ɗauki bokiti, daga rijiya zuwa gona, tana bin kowane gindi tana tsiyaya masa. Wuyanta ya ƙage, ba ta fasa ba.

Abin da ya fara ba ni tsoro, dawar na shan ruwa amma ba ta tashi. Ganye ya yi rawaya, ya nannaɗe. Babanmu ya je dubawa, ya tuge guda ɗaya ya kakkaɓe ƙasar. Ga wasu fararen tsiro ƙanana sun kafe a jikin saiwar kamar kaska.

Ya ce, "Ƙuduji ne. Irinsa kwance yake a busasshiyar ƙasa, ba ya motsi. Sai ya ji ɗumi da danshi, ya ji saiwa kusa, sannan ya farka. A gonakinmu fari ya hana shi tashi."

"To a cire shi mana, Yaya!"

"Me za a cire? A ƙasa yake cin abincinsa. Ranar da kika ga kansa a waje, ya gama."

Wallahi na ji tausayinta har cikin raina. Da ruwa ya dawo kowa ya sake shuka, ita kuwa gonarta ta cika da furen ƙuduji mai ruwan hoda, kyakkyawa abin haushi. Na same ta a bakin kunya tana kallonsa, ba zangarniya ko ɗaya.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ɗan nan, ashe shi na yi ta shayarwa."