Ni na kai ƙarar Baba Sama'ila

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaure buhun taki a bayan babur sai ga kiran Nura, babban ɗan Baba Sama'ila. Wai Baba ya cika a asibiti a Kano.

Buhun yana nan a ƙofar gida, na kasa fita.

Da yawanku kun san shi a hotunan da nake ɗorawa muna buga golf a filin da ke bayan gonata, a hanyar Doguwa. Amma ban taɓa gaya muku yadda muka fara ba.

Shekara huɗu ke nan, bayan girbi, na fara ganin wani dattijo yana yawo shi kaɗai a filin. Ya auna ƙasa da taku, ya haƙa ɗan rami, ya kafa kara da jan ƙyalle. Kullum da wata doguwar jaka mai nauyi a kafaɗa. Aka ce ɗan garin ne, ya daɗe a Kaduna, amma ba wanda ya san aikin da ya yi a can.

Lokacin kowa a tsorace yake. An ɗauke mutum biyu a hanyar daji, ana ta zancen masu kai wa ɓarayi rahoto. Da farko na ɗauka filin za a sayar har da gefen gonata. Daga baya zuciyata ta ce jan ƙyallen nan alama ake yi wa wasu. Jakar kuwa na riga na yanke abin da ke cikinta.

Ni na je na gaya wa 'yan sintiri.

Suka tare shi da hantsi. Mutane suka taru, wasu da gora a hannu, ni ina can baya. Aka zazzage jakar, sai ga sanduna bakwai masu kan ƙarfe da fararen ƙwallaye da ba su kai ƙwan kaza ba. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce aikinsa a Kaduna ɗaukar wa masu wasan golf jaka, a nan ya koya, kuma likita ne ya ce ya riƙa tattaki saboda ciwon suga. Ganin ba a gamsu ba, ya ajiye ƙwallo ɗaya ya buga. Muka bi ta da ido har ta sauka gab da ƙyallen.

Sai ya duba cikin taron ya miƙo mini sandar. "Malam, zo ka gwada."

Sau uku ina dukan ƙasa, ƙwallon na nan inda take. Aka yi dariya aka watse. Ni ban yi dariya ba, ina ta tunanin me ya sa duk cikin mutane ni ya zaɓa.

Washegari na koma, ba don koyo ba, don in sa masa ido. Ya nuna mini yadda ake riƙe sanda ba tare da an shaƙe ta ba. Ya ce in fara da sanda mai lamba bakwai, in bar maganar nisa, idona ya zauna kan ƙwallo har ta tashi. Da tafin hannuna ya yi kanta ya ba ni tsohuwar safar hannunsa. Ko ita sai da na juya cikinta na duba kafin in sa.

Wata rana buguna ya kauce ya sami saniyar Ardo Buba a haƙarƙari. Baba ya raka ni har ruga, ya tsuguna ya ce laifinsa ne, shi ya tsayar da ni ta wannan ɓangaren. Tun daga nan ba ma bugu sai shanu sun wuce.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na tambaye shi me yake nema a wurina.

Ya ce, "Abokin tattaki. Tafiya ni kaɗai ta ishe ni."

Duk da haka sai da na yi kusan shekara kafin zuciyata ta sake da shi. Allah Ya yafe mini.

Ganinmu na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne a Kwanar Dangora, yana jiran motar Kano, ya rame sosai. Na ce Baba akwai maganar da nake so mu yi. Ya ce in bari ya dawo. Ya ce in ciccire karan nan masu jan ƙyalle in cike ramukan kafin a fara kora shanu ta wurin, kada wata ta karye. Motar ta cika, Nura ya kama shi ya shiga.

Ban nemi gafararsa ba. Ban ma sani ba ko ya san ni ne na kai ƙararsa. Shi ya sa na faɗa a nan, inda iyalansa za su gani. Nura, ku yafe mini a madadinsa.

Allah Ya jiƙan Baba Sama'ila, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa sanadin Aljanna. Wanda duk ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.