Anti Sifiri da Ɗakin Tsohuwa

Ƙarfe bakwai da rabi Anti Sifiri ke tura ƙofar ofis, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta tun shayinta bai huce ba. Shekara ashirin da takwas ke nan tana zanen gine-gine, tun ana yi da fensir da faffaɗar takarda har aka koma manhajar da ke tayar da gini sukutum a kan allo. A watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa zan yabe ta tana ji da kunnenta, ko da za ta harare ni.

A manhajar nan akwai ɗigo guda, sifirin gini, wanda daga shi ake auna tsawo da faɗi da bisa. Masu manyan digiri kan tsallake shi su tafi kallon tagogi. Ita kuwa duk wanda ya kawo mata zane, kafin ya zauna ta jefo masa tambaya: "Ina sifirinka?" Nan ta samo sunan.

Mai awon ƙasa na ofishinmu ne ya ba ni labarin abin da ya faru bara. Za a gina makaranta, sai zane ya nuna katangar makarantar ta ratsa tsakiyar ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyar filin, ɗakin da mijinta ya mutu ya bar mata. Aka shafa jan fenti a bangonta, aka ce ta kwashe kayanta kafin Litinin, katafila na tafe. Ta zo ofis tana rantsuwa ko taki ɗaya ba ta ci na kowa ba. Babban injiniya ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, kwamfuta ba ta ƙarya."

Maganar ta tsaya wa Anti a rai. Tsohuwa na fita Anti ta ce, "Yallaɓai, ba ta ƙarya, amma abin da aka gaya mata take maimaitawa. A ba ni takardar mai awo."

Ashe ranar da ake haɗa zanen fili da na gini, wani ya ja ɗigon nan da hannu don zane ya zauna tsakiyar allo ya yi kyan gani. Makaranta ɗungurungum ta gusa mita uku gabas, ba wanda ya lura. Anti ba ta tsaya ga allo ba. Ta tasa mai awo gaba har filin, suka tono turken simintin da ke nuna iyakar fili a cikin ciyawa, ta kwafi lambobinsa, ta dawo ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da sifiri mazauninsa. Katanga ta ja da baya, har da ratar da akuya za ta wuce.

"To wa ya ja shi?" in ji injiniya.

"An riga an mayar, Yallaɓai. Kai dai kira mai katafila ka ce ya fasa zuwa."

Ta san wanda ya ja, domin manhajar na rubuta sunan duk wanda ya taɓa zane. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba.

Anti, ke ce mai duba tushe ana kallon rufi. Ba a taɓa rubuta sunanki a allon da ake kafawa bakin gini ba, kuma wannan na ba ni haushi fiye da yadda yake ba ki. Tsohuwar nan ma ta ɗauka mai katafila ne ya ji tausayinta, shi take ta sa wa albarka. Da aka gaya miki, dariya kika yi kika ce, "Ku bar ta, Allah ya san inda zai kai saƙon."

Mun gode, Anti, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu gadon kujerarta, kafin ku ce a rushe bango, ku tashi ku je ku ga turke da idonku. Akwai mai kwana a bayan bangon nan.