Wanda Muka Bari a Hanyar Dusuman

Rago ne ya sa na fara gudu. Ana saura kwana uku Babbar Sallah, a farkon shekarun tamanin, ya tsinke igiya a ƙofar gidanmu da ke unguwar Lamisula a Yerwa ya miƙe lungu. Ni ne a kusa, na bi shi. Ban kai masallacin unguwa ba numfashi ya ƙare mini, na dafa bango ina haki. Shekaruna talatin da 'yan kai lokacin, ina akawu a ofishin gwamnati, tumbi ya fara turo riga. Wanda ya kamo ragon kuwa maƙwabcinmu ne, malamin firamare, Kirista mutumin Biu, da ke haya a gidan da ke kallon namu. Ya ba ni shekara goma sha wani abu, amma ya dawo riƙe da ƙahon ragon ko gumi bai yi ba. Duk unguwa Ticha muke ce masa.

Babana yana zaune a kan buzunsa a zaure, ya ga komai. Shuwa ne, a bayan shanu ya tashi. Ya sha koro garke da ƙafa daga bakin Tafkin Chadi har Yerwa kafin ya zauna a gari ya zama dillalin dabbobi. Bai yi mini faɗa ba. Ya dubi ragon, ya dubi cikina, ya ce, "Kujera ta cinye ka."

Maganar nan ta zauna mini a wuya. Washegari, da aka idar da sallar asuba, na tarar da Ticha a gindin dogon yaro yana ɗaure igiyar takalminsa na kambas, na ce masa ni ma zan bi shi. Ya kalli silifas ɗin da ke ƙafata ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da falwayoyin lantarki ya koya mini. Mu yi gudun falwaya biyu, mu taka ɗaya. Bayan mako biyu ya mayar uku, daga nan biyar, har wata rana na ankara mun wuce gada ban tsaya ba. Dokarsa ɗaya ce: idan ba ka iya magana kana gudu, to ka yi sauri da yawa. Saboda haka sai ya sa ni in riƙa ba shi labarin ofis, wa aka ƙara wa girma, wa ke barci a kan fayil. Shi da Hausarsa ta mutanen Biu, ni da tawa mai ɗauke da Larabcin gidanmu, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dariyar baki.

Har yau ina jin ƙanshin garin a wannan lokaci na safiya. Burodi yana fitowa daga gidan gashi, mai shayi yana hura gawayi, jakuna suna shigowa da itace. Dogon yaro jere gefe da gefe na titi, 'ya'yansa suna fashewa a ƙarƙashin takalmi. Mota sai ka daɗe ba ka ga ɗaya ba. Sannu a hankali muka ƙaru, wani tela Babarbare ya shigo, da ma'aikacin jinya, da wasu malamai biyu, har muka kai mu goma sha.

Sai dai a Yerwa ta wancan zamani, babban mutum ba ya gudu sai da dalili: gobara, ko ɓarawo, ko taɓin hankali. Akwai wata tsohuwa mai share ƙofar gida da kullum sai ta tsayar da tsintsiya ta tambaye mu da Barbarci wa ya rasu. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne ranar da labari ya kai wa Baba. Abokansa na kasuwa suka ce masa sun ga ɗansa, magidanci mai 'ya'ya biyu, da gajeren wando kamar ɗan fursuna, yana gudu ba mai bin sa.

Ya kira ni zaure, baƙinsa biyu suna zaune.

"Me ka sata?" ya ce.

"Ban saci komai ba, Baba. Motsa jiki ne."

"Na yi tafiyar kwana ashirin a bayan shanu, ba wanda ya taɓa ganin gwiwata. Kai kana nuna taka a titi, kuma ba abin da kake kora, ba abin da kake kamawa."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni bakina ba ya riƙe magana, tun ina yaro haka nake. Na ce, "Ai kai ka ce kujera ta cinye ni."

A gaban baƙi na faɗa. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai.

A gidanmu, tun da na yi wayo, 'ya'ya maza da Baba a tire ɗaya muke cin abincin dare, a zaure, shi ke fara sa hannu. Ranar nan matata ta kawo mini nawa ɗaki a kwano, ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ta ce Baba ne ya ce a raba. Washegari ma haka. Idan na gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya ya ci gaba da jan carbi. Na sa telan nan ya ɗinka mini dogon wando mai rufe har idon sawu, na bi ta gabansa da shi da gangan, ko ɗaga kai bai yi ba. Damina guda na yi ina cin burabisko ni kaɗai ina jin ƙarar cokalin shayinsu daga zaure. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma taurin kai ya hana ni daina gudun.

A farkon daminar nan ne iska ta yaye rufin ɗakin shan magani na ƙauyen Dusuman, inda Ticha yake da 'yar gona. Aka rufa tabarmi da leda, ruwa yana zuba a kan masu jinya. Ticha ya kawo shawara a yi tsere daga gari zuwa Dusuman idan ruwa ya ɗauke. Kowane mai gudu ya nemi wanda zai tsaya masa da fallen kwanon rufi, amma sai ya kai da ƙafarsa za a bayar. Aka yi shela a coci, aka yi a ƙofar masallaci. An yi ta gardamar rana, masu Juma'a da masu Lahadi, aka tsaya a kan Asabar. Wani mai kantin kayan gini ya ce shi bandir guda zai bayar a kan Ticha, yana dariya, wai ya san tsohon ba zai kai ba. Bandir ɗin nan shi ne zai rufe ɗakin mata.

Na cije na je wurin Baba na roƙe shi ya tsaya mini. Ya ce, "Kwano zan iya aikawa. Kallo ne ba zan saya ba." Shugabana na ofis ne ya tsaya mini a ƙarshe.

Hanyar tseren ta Kasuwar Kwastam za ta bi, kuma a nan ne, a wata rumfa bakin titi, Baba yake shan shayin safe da abokansa kafin su wuce kasuwar shanu. Na san da haka tun ranar da aka zana hanyar. A tarbiyyarmu ba ka wuce mahaifinka da sa'o'insa a tsaye. Sai ka cire takalmi daga nesa, ka durƙusa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi makonni ina tambayar kaina ko in kau da kai in wuce.

Ranar Asabar ɗin muka taru, an yanka farin yadi an rubuta lamba da fenti, kowa ya maƙala tasa a ƙirji. Ticha ne ya hura usur, sannan ya cusa shi a aljihu ya biyo mu. Na san gwiwarsa ta dama tana damunsa tun mako biyu, ya ce ba komai. Ni kuwa ƙafata ranar kamar ba tawa ba, ina cikin na gaba-gaba muka iso Kwastam.

Na hango rumfar. Dattawa biyar, Baba a tsakiya da farin rawaninsa. Ban san lokacin da na tsaya ba. Na kwance igiyar takalmi, na cire, na durƙusa a kan ƙasa da lamba a ƙirjina, gumi yana ɗiga daga haɓata. Gaisuwar Barno kuwa ba a gaggauta ta. Wushe, wushe, lale. Ya gida, ya iyali, ya aiki, ya zafi, ya gajiya. Kowane dattijo sai da ya yi tasa har ƙarshe. Masu gudu suna ta wuce ni, telan nan har ya waigo ya ce in gaishe su da kyau.

Da na zo kan Baba, ba ni yake kallo ba, titi yake kallo.

"Ina malamin?" ya ce.

"Yana baya. Gwiwarsa ce."

"Wa ke tare da shi?"

"Ba kowa, Baba. Ai tsere ne, kowa ta kansa yake yi."

Ya ajiye kofin shayi. "Tashi ka tafi."

Na tafi da baƙin ciki. Na yi asarar wurina, na durƙusa a gaban kasuwa guda, abin da na samu ke nan. Haushin ne ya kai ni Dusuman, ina wuce mutane ina haɗiye hawaye.

Can kuwa biki aka shirya. Gero ya yi kai a gonaki, mata suna guɗa, ga randunan ruwa a inuwa, ga kunu, ga masu ganga. A-kori-kurar da aka ce za ta bi bayan na ƙarshe, ashe direban ya gaji da tafiyar hawainiya ya yi gaba da makaɗa. Muka baje muna ta ba da labarin inda kowa ya kusa faɗuwa. Ina faɗa da kunya: rana ta take sosai kafin ma'aikacin jinyar nan ya ɗaga kai ya ce, "Wai ina Ticha?" Ni da ya koya wa gudu falwaya bayan falwaya, ban tuna da shi ba.

Ana neman keken da za a aika sai wata mata ta nuna hanya. Mutum biyu ne tafe. Na gaba yana ɗingishi, yana ɗan gwada gudu yana komawa tafiya, gwiwarsa a ɗaure da farin ƙyalle. Na bayan kuwa taku biyar tsakaninsu, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya gicciya sanda a bayan wuya ya rataya hannayensa a kai, kansa ba rawani. Tun ina ƙarami rabon da in ga wannan tafiyar, amma daga nesa na gane ta, ta Baba ce.

Daga baya Ticha ya ba ni labari. Ya ce kaɗan da wuce kasuwa ya zauna a bakin titi ya haƙura. Sai ga Baba a kansa. Ya warware rawani ya ɗaure masa gwiwa, ya ce ya tashi. Bai riƙe shi ba, bai jera da shi ba, bayansa ya koma. Idan ya rage tafiya sai ya ji Baba yana ƙyasta harshe irin na makiyaya. Sau biyu ya tsayar da shi a inuwa ya roƙo masa ruwa, ya hana shi sha da yawa. Wata babbar mota ta tsaya za ta ɗauke shi, Baba ya ɗaga sanda ya ce direba ya wuce. "Babanka koro ni ya yi kamar gurguwar saniya," in ji Ticha, yana dariya idonsa cike da ƙwalla.

Ticha ya taka layin da aka ja da toka, masu ganga suka ɗauka, mai kantin nan ya cire hula ya ce ya ji ya gani, bandir ya tabbata. Baba bai taka layin ba. Ya tsaya daga gefe ya dube mu, mu da kofunan kunu a hannu.

"Mu a daji," ya ce, "wanda ya fi kowa ƙarfi shi muke sawa a baya. Ba a shiga gari sai an ga saniyar ƙarshe ta shiga." Sai ya juyo gare ni. "Shi ya koya maka gudun?"

"Shi ne, Baba."

Da ya zauna a inuwa na ga dugadugansa sun fashe, jini ya bushe a kan takalminsa na fata. Ya kusa saba'in a lokacin, kuma ya fi shekara ashirin rabonsa da doguwar tafiya. Na ɗebo ruwa a buta na durƙusa na wanke masa. Bai janye ƙafar ba.

Da magariba ta wuce na zauna a ɗakina ina jiran kwanona. Shiru, matata ba ta shigo ba. Can sai na ji muryarsa daga zaure, ba da ƙarfi ba.

"Abincin yana hucewa."

Na fita. Ƙannena sun matsa sun bar gurbina na da, a hannun damansa. Ya turo mini buta da ƙafarsa mai ciwo, na wanke hannu, ya yi bisimilla ya fara. Mun yi nisa da ci kafin ya yi magana, kuma tiren yake kallo.

"Baɗi idan za ku yi, kai ne a baya."

Na ce to.

An yi tseren shekaru da dama bayan nan, na rufin aji, na rijiya, har Ticha ya yi ritaya ya koma Biu, har Baba ya rasu. Ban taɓa samun ko takardar yabo ba, don kullum ni ne na ƙarshen shiga. Sandar Baba tana nan a bayan ƙofar ɗakina.