Zuwan Baffa na Huɗu Kasuwar Babura

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Fulani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baffa, mahaifina, bai taɓa kama sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Ka ce wa wancan ya zo." In ana hira na shigo, sai ya ɗaure fuska ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka shi ma ubansa ya yi masa. Amma wallahi har na haura arba'in ban san yadda dariyar ubana take ba. Mutane kan ce mini, "Kai, tsohonka akwai barkwanci!" Sai in ce a raina, wane tsohon?

Ina koyarwa a Kazaure wasu abokaina malamai suka ce mu haɗa littafin ban dariya, kowa ya kawo labari ɗaya da ya gani da idonsa. Wani ya rubuta yadda ya koyi babur ya afka cikin masu tumatir. Wata ta rubuta ranar da akuya ta cinye mata takardun jarrabawar aji guda. Ni kuwa, da shegen rawar kaina, sai na ɗauko Baffa.

Ga abin da na rubuta. Ina saurayi muna da wani farin bajimi a rugarmu, kusa da Kanya Babba, wanda Baffa ya rena tun yana maraƙi bayan uwarsa ta mutu. Wata shekara ya ce zai sayar da shi, ya ja shi kasuwar Babura, ina biye. To duk wanda ya matso ya taya, kafin dillali ya buɗe baki Baffa ya riga shi: "Malam, tsakani da Allah, yana tunkuyi. Kuma yana tari da asuba. Garma kuwa ko kallonta ba ya yi." Mai saye ya ja da baya, dillali ya dafe kai. Da yamma mu koro abinmu gida, Baffa yana ce wa Inna, "Yau kasuwa ba ta ci ba." Sati biyu ina binsa ana haka. Sati na uku ya tafi shi kaɗai, ya kuma dawo da bajimi. Nan na tsayar da labarina.

Ranar da littafin ya fito daga maɗaba'a na yi ta shinshina shi kamar sabon turmin atamfa. Kwana uku ina fankama. A na huɗu ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, ka jawo wa kanka. Littafin ya shiga hannun Baba mai kanwa."

Innalillahi! Baba mai kanwa Babarbare ne, aminin Baffa tun suna samari, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ba a raga wa juna. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana iya haɗa baƙi. 'Yarsa ce ta kai masa littafin. Ya aiko mini cewa ran Asabar zai karanta wa Baffa, kuma in ban zo ba ni matsoraci ne.

A nan tsoro ya kama ni na gaske. Na ɗauki mutumin da ko haƙoransa bai yarda na gani ba, na shimfiɗa shi a takarda ga duniya tana dariya. In ya ji na tozarta shi, ba zai zage ni ba, ba halinsa ba ne. Zai dai daina amsa gaisuwata, shi ke nan, kuma ita kaɗai ce maganar da ke tsakaninmu.

Na isa bayan la'asar. Suna ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, su biyu da maƙwabta dattawa biyu. Na durƙusa na gaida su, Baffa ya ce "Lafiya," bai ɗago ba. Na koma can gefe na zauna kan saiwa.

Baba ya goge tabarau, ya ce, "To ɗan Fillo, buɗe kunne, yau asirinka ya shiga boko." Ya fara bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, yana tsayawa ya yi dariya har da tari. Maƙwabta suna ta ƙyaƙyatawa. Ni ba na kallon kowa sai Baffa. Hannunsa bai bar murza rama a cinya ba, fuskar nan ko gezau. Aka kai ƙarshe.

"Babarbare," in ji Baffa, "wa ya rubuta wannan?"

"Ka fi ni saninsa."

"To ka faɗa masa bai iya labari ba."

Na ce shi ke nan, na kashe kaina.

Sai ya ajiye igiya. Ya miƙe tsaye, tsohon da sai an kama masa hannu yake hawa babur. Ya ce, "Ai zuwa na uku ne labarin, kuma ba ya nan." Ya gyara hula ya karkata ta, nan take ya zama wani mutum daban, wani dogon Buzu falke daga Nijar da ya zo sayen shanu. Yana yin muryar falken, yana juyowa ya yi tasa. Baffa ya ce masa bajimin yana tunkuyi, falke ya ce madalla, ɓarawo ba zai taɓa shi ba. Yana tari, falke ya ce ni ma ina yi, sai mu riƙa tashin juna sallar asuba. Ba ya noma, falke ya ce ni ma ban taɓa riƙe fartanya ba. Ya yi tayi, Baffa ya ce albarka. Ya ƙara, albarka. Ya ƙara har dillali ya fara rantsuwa zai bar sana'a.

"Da na ga ba mafita," in ji Baffa, "sai na sunkuya kamar ina duba kofato, na raɗa wa bajimi da Fillanci ya kwanta. Ya zube rim! Na ce, ka gani ko, farfaɗiya gare shi. Ashe mutumin nan uwarsa Bafillatana ce! Ya dafa ni ya ce mini da Fillanci, tsoho, ka tashi ɗanka ku tafi gida, rana ta yi."

Baba ya faɗi kan tabarma yana dukan ƙasa. Sannan na ji ta. Dariyar Baffa ƙarama ce, siririya, tana fita ta hanci, kafaɗunsa na rawa, hawaye na bin gemunsa. Na zauna baki buɗe. Mu kusan ashirin muka cika littafi, dukanmu da takardun shaida, amma babu ɗaya a cikinmu da ya kai ƙurar wannan tsoho. Ashe shekara da shekaru a gida ɗaya nake kwana da gwanin gwanaye ban sani ba.

Da dariya ta lafa ya zauna, ya share ido da bakin rawani.

"Akwai na huɗu," ya ce. "Shi ba na littafi ba ne."

Ni dai abin da aka faɗa mana a gida shi ne bajimin ya bi garken kawuna kudu.

"Takardar wani ta zo daga makarantar horon malamai, an ɗauke shi. Da sassafe na ja bajimin kasuwa. Dillali ya ce, tsoho, yau wace cuta ce? Na ce ba shi da ko ɗaya. Tayin farko na sallama. Ya yi ta kukana har na fita daga kara, ban waiwaya ba. Masu mota suna kirana, na ce a'a. Da ƙafa na dawo, don kada wani ya ga idona."

Baffa ya dubi Baba, ba ni ba, ya ce, "Tambayi mai littafin, karatun ya kai bajimi?"

Na buɗe baki. "Baba, ka ce masa..." Ƙato da ni, malamin makaranta, na kifa kai a gwiwa ina kuka kamar ɗan yaye.

"Ƙyale shi," in ji Baffa. "Karatun da ya sa Babarbare ya zauna yana bin takarda da yatsa, ai ban yi asara ba."