Yaron da Na Ce wa Ya Tafi Kalgo

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ga tsoron kada in ƙara ko in rage, in sake ɗaukar wani alhakin. Amma shirun ya fi damuna.

Da can ni mai cajin waya ne a Gwandu, ina da ɗan shago da janareto. Ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Matan unguwa ba su cika fita ba, don haka yara suke aikowa da wayoyinsu. Da yawan matan ba su karanta boko. Yaron ne ke karanta saƙo, shi ya san lambar sirrin wayar, wani lokaci har ta banki.

Wani mutum da na haɗu da shi a intanet ya nuna mini amfanin wannan. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, Oga kawai nake ce masa. Ya ce in sa wa yaran wasanni a wayoyin iyayensu, in buɗe musu datata kyauta. Yaro na tsakiyar wasa sai in ce, "Karanto mini lambar nan da ta shigo." Ya karanto, in tura wa Oga, ya kwashe abin da ke asusun uwar, ya ba ni rabona. Kullum ina cewa daga wannan na daina.

Cikin yaran akwai Bashar, ɗan aji biyar, ɗan wata bazawara, Inna Kulu. Surutu gare shi. Yakan ce, "Kawu, janareton nan naka ya fi kakata tari." Daga baya Oga ya nemi in haɗa shi da yaran a cikin wasan, wai gasa zai shirya musu. Na haɗa shi da shida. Raina bai kwanta ba, amma na haɗa.

Wata Asabar da hantsi Bashar ya zo da murna. "Kawu, na ci keke! An ce in tai tashar Kalgo in amsa, kar in hwaɗa ma Inna, sai dai ta gan ni bisa. Gaskiya ne?"

Na san babu keke. Na kuma san in na hana shi, Oga zai tona mini asiri, don duk saƙonnina suna hannunsa. Na gaya wa kaina wayar uwarsa kawai mutanen Oga za su ƙwace su koro shi. Na ce, "Gaskiya ne. Je ka dawo da wuri."

Bayan la'asar Inna Kulu ta zo shagon da kanta, ba takalmi. Ta ce, "Ɗan nan, wurinka na aiko shi. Mi ya ce maka?" Na ce ban gan shi ba. Ta yi mini godiya, ta wuce gaba tana tambaya.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. A na huɗu na kai kaina wurin 'yan sanda na faɗi komai. Layin Oga a kashe yake. Wani direba ya ce ya sauke yaro a Kalgo, ya ga wani mai babur ya ɗauke shi. Iyakar abin da aka sani ke nan. An ɗaure ni shekara huɗu. Da na fito na je neman gafara, Inna Kulu ta aiko daga cikin gida cewa in kawo mata ɗanta tukuna.

Na tuba. Yanzu noma nake yi wa mutane wajen Dalijan. Matasa, kada ku karɓi aiki daga wanda ba ku san fuskarsa ba. Iyaye, kada yaro ya riƙe lambar sirrinku. In ya dawo daga caji, ku zauna tare ya nuna muku wanda yake magana da shi, ko ba ku iya karatu ba ya karanta muku. Ku koya masa duk wanda ya ce "kar ka faɗa a gida", a ranar nan ya zo ya faɗa muku.

Bashar yanzu zai kai sha biyar. Siriri ne, yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, haƙorinsa ɗaya na gaba a ɓalle. Don Allah duk wanda ya ga mai kama da shi, ko ya ji labari, ko da na rasuwa ne, ya sanar da 'yan sanda mafi kusa. Uwarsa ta ƙi yarda a yi zaman makoki, har yau.