Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai a Motata

Shekarar da aka mayar da ni Gwiwa aikin malamin gona na sayi mota, tsohuwa amma mai lafiya, don iyalina suna Kazaure kuma ban so in tashe su ba. Da safe in tafi, da la'asar in dawo. Ranar Asabar nakan leƙa Roni wurin yayata mai kiwon kaji, ta loda mini ƙwai in kawo wa masu shayi.

Da damina warin ya fara, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ya zo ya tafi. Matata ce ta fara jin sa, muna dawowa daga gidan suna. Ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Maigida, ƙwan Yaya ya fashe a motar nan."

Nan take na yarda. Muka kwashe komai daga but ɗin motar, muka ɗaga kujerar baya, muka wanke ko'ina, ko ɓawon ƙwai ba mu gani ba. Ta turara motar da turaren wuta. Washegari ina hawan wani tudu a hanyar Gwiwa warin ya dawo, ya gauraya da turaren, abin ya fi na jiya muni.

Da na gaya wa Yaya sai ta shiga motar ta sunsuna lungu-lungu.

"Auta, ni ban ji komai ba. Kuma ƙwan ranar nake ba ka."

Gaskiyarta, in motar tana tsaye ba ta wari. Duk da haka ta ce in dakata da ɗaukar ƙwan mu gani. Na dakata, wari bai dakata ba. Wani abokin aikina ya rantse ɓera ne ya mutu a cikin kushin. Ni kuwa har rigata na fara sunsunawa. Ana cikin haka motar ta yi nauyi: in taka totur ta yi gurnani, amma kamar an riƙe ta ta baya. Ban haɗa wannan da warin ba, na ɗauka ciwo biyu ne.

Saboda nauyin na kai ta gareji a Kazaure. Bakaniken, wani dattijo mai gajeren gemu, ya sa na hau da ita kan rami, ya shiga ƙarƙashi ya bubbuga wani abu. Na ji ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani. Ya fito yana goge hannu.

"Malam, indominka ya mutu."

"Mene ne ya mutu?"

"Indomi. Ba ka jin wari kamar na ƙwai?"

Na saki baki. Ban gaya masa zancen wari ba. Ina fama da ƙwan da babu shi, ga kuma taliya ta shigo. Da ya ga ban gane ba sai ya yi mini bayani: wata tukunya ce a jikin salansa mai tace hayaƙi, sunanta katalis, amma cikinta ya yi kama da taliyar da ba a dafa ba, shi ya sa suke kiranta haka. Tawa ta ƙone ta toshe, hayaƙi ya rasa hanya. Sai an canza.

Mai walda da ke rumfar kusa ya sa baki. "Yallaɓai, kar ka wahal da kanka. A fasa, a zazzage abin ciki, in liƙe maka. Motoci da yawa a garin nan haka suke yawo."

Bakaniken ya ce in aka yi haka motar za ta riƙa ƙara, ta sha mai, hayaƙinta ya yi yaji. Mai walda ya ce akasin haka, ƙarfi ma za ta ƙara. Suka ɗauki musu, kowa yana kawo misalin motar wane da ta wane. Na ce to ni wanne zan yi? Su biyun suka haɗa baki: "Ai kai ne mai mota."

Na koma gida kaina a ɗaure. Matata ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita ba ta san indomin mota ba, amma ba za a ɗauki 'ya'yanta cikin hayaƙi mai yaji ba. Da wannan maganar na yanke shawarar a canza, ba don na fahimta ba.

Aka aiko da wani indomin daga Kano, na hannu, ɗan Kwatano. Notocin tsohon sun yi tsatsa, sai da mai waldar nan ya yanka su, yana yi yana ƙunƙuni. Suka ɗaura sabon, suka mayar da wata 'yar waya a jikinsa. Na zagaya gari, motar ta yi sakayau, babu wari. Bakaniken ya miƙo mini tsohon na leƙa. Wani abu ne ruwan toka, duk ya farfashe, ya fi kama da saƙar zuma. Ni dai ban ga taliya ba.

Ko gida ban gama shiga ba sai ga sallama. Wani mutum ne a kan babur, ya ce daga Babura yake, ya ji an cire mini indomi, yana so ya saya. Na ce ai ya mutu. Ya ce mataccen yake nema, akwai ƙarfe mai daraja a cikinsa, ana fita da shi waje. Na sake leƙawa, na girgiza, gari ya zubo mini a ƙafa. Ya yi wuf ya durƙusa ya tattare garin cikin leda, har da na kan takalmina.

Na sayar masa. Da zai tashi babur ya ce, cikin ladabi, in rage barin motar a waje, don sabon ma akwai masu sonsa. Ranar sai da muka kwashe turmi da randa da igiyar shanya, na shigo da ita tsakar gida da baya-baya, matata tana ce mini dama, maƙwabcina yana ce mini hagu.